Yadda Ake Auna Matsin Tafin Ƙafa a Cikin Tafiya, Daga Mai Tatata Zuwa Mai Dogara Sanda

Mutum mai nauyin kilo 70 idan ya tsaya cak, ƙarfin da yake danna ƙasa da shi ya kusa niyuton 690 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne). A ce faɗin wurin da tafukan ƙafafunsa biyu suka taɓa ƙasa murabba'in santimita 200 ne. Ke nan kowane murabba'i ɗaya yana ɗauke da niyuton 3.4, wato kilofaskal 34, tunda niyuton ɗaya a kan murabba'in santimita ɗaya daidai yake da kilofaskal 10. Kilofaskal ma'aunin matsi ne, a takarda ana rubuta shi da kPa. Da zarar mutumin ya ɗaga ƙafa ya fara tafiya, lissafin ya sauya. Nauyin duka ya koma kan ƙafa ɗaya, a kan ƙafar ma ba ko'ina ba: diddige ne ke fara karɓa, sannan gefen waje, sannan tushen yatsu, daga ƙarshe babban yatsa ya tunkuɗa ƙasa. A ƙasan tushen yatsa na biyu na baligi mai lafiya da ke tafiya ba takalmi, ganin kPa 300 zuwa 500 ba abin mamaki ba ne. Wannan rabon nauyi, wuri bayan wuri kuma lokaci bayan lokaci, shi ake nufi da awon matsin tafin ƙafa.

Aikin yana da sauƙin farawa, yana da wuyar yi daidai, musamman idan ana son kwatanta yaro da baligi da tsoho. Na'ura ba ta ƙin fitar da lamba da hoto mai launi ko da an yi awon a karkace. Sau da yawa abin da aka ɗauka bambancin shekaru ne, idan aka bi diddigi sai a tarar bambancin saurin tafiya ne, ko na girman ƙwayoyin na'ura, ko na yadda aka sa mutum ya taka.

Na'urar da za a yi aiki da ita

Tsohuwar hanya ita ce tabarmar roba ta Harris da Beath, wadda suka yi amfani da ita wajen binciken ƙafafun sojojin Kanada, aka wallafa a 1947. Ana shafa mata tawada, a ɗora takarda, mutum ya taka. Inda matsi ya yi yawa tawadar ta fi duhu. Har yau tana da amfani wajen ganin siffar sawu, sai dai ba ta ba da lamba, ba ta kuma faɗin lokaci.

Na'urorin zamani iri biyu ne. Akwai faranti da ake shimfiɗawa a ƙasa a taka shi ba takalmi, akwai kuma shimfiɗa siririya da ake sawa a cikin takalmi. Dukansu cike suke da ƙananan ƙwayoyin jin matsi da aka jera layi-layi. Farantin emed na kamfanin Novel da ke Munik a Jamus, a manyan samfuransa, yana da ƙwaya 4 a kowane murabba'in santimita. Shimfiɗar Pedar ta kamfanin tana da ƙwaya 99 a kowace ƙafa, kaurinta milimita 1.9. F-Scan ta kamfanin Tekscan na Amurka tana da ƙwaya 960, siririya ce kamar takarda, ana yanka ta da almakashi daidai girman takalmi.

Faranti yana gaya maka yadda ƙafar kanta ke aiki. Shimfiɗa tana gaya maka abin da ke faruwa tsakanin ƙafa da takalmi. Idan tambayarka ita ce yadda shekaru ke sauya ƙafa, faranti za ka ɗauka, domin takalmin kowa daban ne, kuma zai rufe maka abin da kake nema.

Girman ƙwaya abu ne da ya kamata a tsaya a kansa. Ɗauki wuri mai faɗin murabba'in santimita ɗaya a ƙasan ƙashi, yana ɗauke da niyuton 50. Matsin wurin kPa 500 ne. Idan ƙwayar na'urarka ta kai murabba'i biyu, ta haɗa da wurin da ke gefe mai ɗauke da niyuton 10 kacal, za ta raba 60 gida biyu ta ba ka kPa 300. Ƙafa ɗaya, taku ɗaya, lamba biyu. Shi ya sa ba a ɗauko lambar wata na'ura a gwada da ta wata. Ga yara abin ya fi tsanani: ƙafar ɗan shekara ɗaya ba ta wuce santimita 12 ko kusa da haka ba, idan ƙwayoyin santimita ɗai-ɗai ne, layi 12 kawai za su rufe tsawonta, yatsun kuwa su narke su zama dunƙule guda. Kada a auna ƙananan yara da farantin da bai kai ƙwaya 4 a murabba'in santimita ba.

Sai yawan ɗauka. Ƙafar baligi takan zauna a ƙasa kamar sakan 0.6 zuwa 0.7 a kowane taku. Na'urar da ke ɗauka sau 100 a sakan za ta ba ka hoto kusan 65 na takun, mai ɗauka sau 50 ta ba ka rabin haka. Sau 50 ya isa ga mai tafiya a hankali, amma tunda akwai yara masu sauri a cikin aikin, a saita kowa a kan 100. Wani abu kuma da ya kamata a sani tun farko: waɗannan na'urori matsin da ya sauko tsaye kawai suke ji, ba sa jin gogayyar da ke jan fata gaba ko gefe.

Wurin awo da saitin na'ura

A nemi ɗaki mai daɓe mai tauri kuma a miƙe, inda za a sami hanyar tafiya ta mita 8 zuwa 10. Faranti ya zauna a tsakiya. Samansa ya zo daidai da saman hanyar, ko dai a nutsa shi cikin daɓen, ko a shimfiɗa tabarmar roba mai tauri mai kauri ɗaya da shi gaba da baya. Tudun santimita ɗaya ma yakan sa mutum ya ɗaga ƙafa fiye da yadda ya saba, ga tsoho kuma abin tuntuɓe ne. Kada a ɗora faranti a kan kafet mai laushi, zai lanƙwashe. Idan za a rufe shi don kada a gane inda yake, mayafin ya zama siriri, mara santsi, kuma shi ɗin za a yi wa kowa amfani da shi, domin mayafi mai kauri yana baza matsi ya rage lamba.

A kunna na'ura ta ɗan jima kafin a fara, gwargwadon yadda masu ƙera ta suka faɗa. A mayar da ita sifiri ba komai a kanta. Kowace safiya a yi gwaji mai sauƙi: wani wanda aka auna a sikeli a ranar ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar faranti, sannan a kusurwoyinsa huɗu. Jimillar ƙarfin da na'ura ta nuna ta zo kusa da nauyinsa, kada ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100. Idan wata kusurwa kullum tana ba da ƙasa da sauran, ƙwayoyin wurin sun gaji. Cikakken saiti ana yin sa ne da na'ura mai jakar iska da ke danna dukkan ƙwayoyi da matsi iri ɗaya, mataki-mataki. A rubuta ranar da aka yi shi. Aikin da zai ɗauki watanni, idan aka auna yara duka a farko aka bar tsofaffi sai ƙarshe, gajiyar na'ura za ta fito kamar bambancin shekaru. A cakuɗa rukunan a kowane mako.

Kafin kowa ya taka

A yi wa mutum bayani, a karɓi amincewarsa a rubuce. Yaro kuwa iyayensa ne za su sa hannu, shi ma a tambaye shi idan ya kai fahimta. Sannan a rubuta shekaru, ga ƙananan yara da watanni, da nauyi, da tsawo, da tsawon tafin ƙafa da faɗinsa, da tsawon ƙafa daga ƙashin kwatangwalo da ke gefen cinya zuwa ƙasa. Wannan na ƙarshe kada a manta da shi, za a ga amfaninsa gaba.

A zaunar da shi a duba ƙafar da ido da hannu. Ina kanta take? Akwai faso, ko ƙurji, ko farce da ya shige nama? Babban yatsa ya karkata ya hau na kusa da shi? Yatsu sun tanƙware? A riƙe diddige a tura gaban ƙafa sama a ga iyakar lanƙwasar idon sawu, gwiwa a miƙe. Idan agara ta ɗaure, diddige yakan tashi da wuri, nauyi ya taru a gaban ƙafa. Haka a gwada babban yatsa: wanda ya ƙage ba ya ɗaguwa sama yakan tara matsi a ƙasansa ko ya kore shi zuwa tushen yatsun da ke gefe. Kanta ita kanta tana ƙara matsi, kamar tsakuwa ce a ƙarƙashin fata. A rubuta inda take, kuma idan za a kankare ta, a yanke shawara ɗaya ga kowa, kafin awo ko bayansa.

Ga manya, musamman masu ciwon suga, a gwada jin ƙafa da wani zaren nailan na musamman mai lanƙwashewa idan ya danna da nauyin giram 10. Wanda ba ya jin sa, jijiyoyin jin ƙafarsa sun taɓu, ba za a sa shi cikin rukunin masu lafiya ba. Mai gyambo a buɗe ba ya taka faranti ba takalmi sam. A tambayi tsoho ko ya faɗi a cikin shekarar da ta wuce, ko yana jin jiri, ko yana shan maganin da ke sa barci. A goge faranti da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ba ya cin roba bayan kowane mutum, a bari ya bushe.

Takun kansa

Hanya uku aka fi sani. Ta farko, mutum ya taso daga nesa yana tafiyarsa, ya taka faranti a tsakiyar tafiya, ya wuce. Ita ta fi kama da tafiyar yau da kullum, sai dai sau da yawa ƙafa takan sauka rabi a kai rabi a waje, a yi ta maimaitawa har mutum ya gaji. Ta biyu, ya tsaya dab da faranti, takunsa na farko ya sauka a kai. Tana da sauƙi, amma mutum bai ɗauki sauri ba tukuna, don haka matsin diddige yakan fito ƙasa, lokacin zaman ƙafa kuma ya yi tsawo. Ta uku ita ce ta taku biyu, kuma ita ta fi dacewa da aikin da ya haɗa yara da tsofaffi: lambobinta sun fi kusa da na tsakiyar tafiya, ba ta kuma gajiyar da mutum.

Ga yadda ake yin ta. Idan ƙafar dama ake so, mutum ya tsaya nesa da faranti kamar taku biyu nasa, ƙafafu a jere. Ya fara da hagu, ta sauka a gaban faranti, dama ta sauka a tsakiyarsa, ya ci gaba da tafiya aƙalla taku uku ko huɗu. Kada ya tsaya da ya sauka daga faranti, domin mai shirin tsayawa tun a kan farantin yake taka burki. A gwada sau biyu ko uku har a gano inda ya dace ya tsaya, a manna tef a wurin. Kowa da nasa tef ɗin, tunda tsawon taku ya bambanta.

Babbar matsala ita ce saiti da ido. Mutum ya ga faranti, ya sa a ransa lallai sai ya taka tsakiyarsa, sai ka ga ya sunkuyar da kai, ya miƙa ƙafa ko ya taƙaita taku, ya ɗora ta a hankali kamar mai taka ƙwai. Wannan takun ba nasa ba ne. A manna wata alama a bango daidai tsayin idonsa a ce ya dube ta. Kada a ce masa "taka nan". A ce masa kawai, "Yi tafiyarka yadda ka saba zuwa wancan bangon." Idan ƙafa ba ta sauka daidai ba, tef ɗin za a matsar, ba mutumin za a gyara ba.

A ɗauki taku biyar masu kyau a kowace ƙafa, uku shi ne mafi ƙaranci. Mai awo ya tsaya a gefe yana kallon mutumin, ba allon kwamfuta ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: takun da aka yi da shakka, ko aka juya kai, ko aka yi tangal-tangal, a jefar da shi nan take ko da hotonsa ya fito cikakke. Kyamara a gefe tana taimakawa wajen sake dubawa daga baya.

Sauri, wanda shi ne tushen yawancin kurakurai

Idan mutum ya ƙara sauri, matsi yakan hau a diddige da tushen babban yatsa da babban yatsan kansa, lokacin zaman ƙafa kuma ya ragu. Baligi mai lafiya yakan yi mita 1.2 zuwa 1.4 a sakan. Tsoho mai rauni yana iya yin ƙasa da 0.8. Idan ka ga matsin diddigen tsoho bai kai na saurayi ba, tambayar farko ita ce: ƙafar ce ta sauya, ko tafiyar ce ta ragu?

Don haka ba a yin awo ba tare da auna sauri ba. A sa alama biyu a tsakiyar hanya, tazarar mita 4, a auna lokacin da mutum ya ɗauka da na'urar haske mai kama wucewa, ko da agogon hannu idan babu. Wanda ya ci mita 4 a sakan 3.2 yana yin mita 1.25 a sakan. A hanyar taku biyu, inda tazarar ba ta isa ba, lokacin zaman ƙafa a kan faranti shi ke tsayawa a madadin sauri, sannan a auna saurin mutumin daban a cikakkiyar hanya. Takun da ya kauce wa matsakaicin mutumin da fiye da kashi 5 cikin 100 a sake shi.

Shin a tilasta wa kowa sauri ɗaya? A'a. Mita 1.3 a sakan ga ɗan shekara huɗu kusan gudu ne, ga ɗan shekara 85 kuma wahala ce da haɗari. Abin da ya fi shi ne kowa ya yi saurin da ya saba, a rubuta, a sa shi cikin lissafi. Inda hali ya yi, a roƙi matasa su sake yin zagaye na biyu a hankali daidai da saurin tsofaffi. Bambancin da ya rage bayan haka shi ne na ƙafa.

Ga yara kuma a nan tsawon ƙafa ke shigowa. A ninka tsawon ƙafa a mita da 9.81, wato lambar ƙarfin jan ƙasa, a ɗauki tushen murabba'in abin da ya fito, wato lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da shi, a raba sauri da ita. Yaro mai ƙafa ta mita 0.5 da ke yin mita 1.0 a sakan zai sami 0.45. Baligi mai ƙafa ta mita 0.9 da ke yin 1.35 shi ma 0.45 zai samu. A agogo baligin ya fi sauri, amma gwargwadon jikinsu tafiya iri ɗaya suke yi, kuma a kan haka ya kamata a kwatanta su.

Yara da tsofaffi a ɗakin awo

Yaro yakan fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18. Wannan tazara tana da faɗi, don haka 'yan wata 15 guda biyu, ɗaya ya yi wata shida yana tafiya, ɗaya jiya ya saki hannu, ba tsara ba ne a wurin faranti. A tambayi uwa yaushe ya fara, a raba masu tatata bisa watannin da suka yi suna tafiya.

Ƙaramin yaro ba ya bin umarnin taku biyu. A bar shi ya saba da ɗakin, ya zagaya, ya taɓa faranti. Uwa ko uba su durƙusa a ƙarshen hanya su kira shi, abin wasa a hannunsu, ba a hannunsa ba. Kada a riƙe masa hannu, domin mai riƙon yana ɗauke wani ɓangare na nauyin. Ƙafafunsa biyu za su riƙa sauka a kan faranti tare, wani lokaci sawu a kan sawu, sai an tace. Takun gudu, da na sanɗa, da na juyawa duk ba sa cikin lissafi. Idan ya fara ƙosawa a dakata, yaro mai kuka ba ya tafiyar da ya saba. Daga shekara biyar zuwa shida yara suna fahimtar umarni, sai dai sun fi kowa son yin tsalle ko buga ƙafa don su ga launi ya canza a allo. A juya allon.

Tsoho kuma a ajiye masa kujera a kowane ƙarshen hanya, wani ya bi shi a gefe, ɗan baya kaɗan, ba tare da taɓa shi ba. Haske ya wadata. Da yawa ba su saba tafiya ba takalmi a daɓe mai sanyi ba, sukan ɗaure jiki, don haka a ba su zagaye biyu ko uku na sabo. Mai dogara sanda ya riƙe sandarsa, a rubuta hannun da take, a kula kada ta sauka a kan faranti, kuma kada a haɗa lambobinsa da na marasa sanda, tunda sandar ta ɗauki nata kason. A huta tsakanin zagaye.

Raba sawu da karanta lambobi

Manhaja takan raba sawu zuwa yankuna. Rabon da aka fi yi goma ne: diddige, da tsakiyar ƙafa, sai tushen yatsu biyar ɗaya-ɗaya, sai babban yatsa, yatsa na biyu, da sauran ukun a haɗe, gwargwadon tsarin da aka zaɓa. Ga ƙananan yara goma ya yi yawa, biyar ya isa: diddige, tsakiya, gaban ƙafa, babban yatsa, sauran yatsu. Idan za a kwatanta rukunai, kowa a yi masa rabon da mafi ƙanƙantar ƙafa za ta iya ɗauka. A duba kowane sawu da ido bayan manhaja ta raba, domin an tsara ta ne bisa ƙafar baligi mai siffa daidai. A ƙafar da babban yatsa ya karkace, ko yatsu ba sa taɓa ƙasa, takan ɗauki tushen yatsa a matsayin yatsa.

Daga kowane yanki ana fitar da matsi mafi girma a kPa, da faɗin wurin da ya taɓa, da lokacin da ya zauna a ƙasa, da ƙarfi mafi girma, da kuma matsi haɗe da lokaci, wato a ninka matsi da tsawon lokacin da ya ɗauka. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci ga tsofaffi. Misali, yankin da ya ɗauki kPa 200 na sakan 0.3 ya tara 60, wanda ya ɗauki 170 na sakan 0.45 kuwa ya tara 76.5. Matsin na biyun ya fi ƙanƙanta, amma fatarsa ta fi shan wahala. Ƙarfi kuma a mayar da shi kason nauyin jiki: niyuton 120 a diddigen yaro mai kilo 20 kashi 61 cikin 100 ne na nauyinsa, niyuton 480 a na baligi mai kilo 70 kashi 70 ne.

Don sanin zurfin kwarmin tafin ƙafa akwai ma'aunin Cavanagh da Rodgers na 1987. A cire yatsu daga sawu, a raba tsawon sauran gida uku daidai, a raba faɗin wurin da kason tsakiya ya taɓa da faɗin wurin da kashi ukun duka suka taɓa. Daga 0.21 zuwa ƙasa kwarmi mai zurfi ne, daga 0.26 zuwa sama ƙafa ce shimfiɗaɗɗiya. Da manya aka fitar da waɗannan iyakoki, kada a ɗora su a kan ɗan shekara biyu a ce yana da cuta.

Abin da za a yi tsammani shi ne wannan. Mai tatata yana sauke ƙafa kusan gaba ɗaya a lokaci guda, ƙafafu a wawware, tsakiyar ƙafa tana ɗaukar kaso mai yawa saboda kitsen da ya cike kwarmin da kuma laushin gaɓoɓi, matsinsa kuma ƙasa yake ƙwarai da na manya. Fara sauka da diddige yakan bayyana cikin watannin da suka biyo baya, yawanci kafin shekara biyu. Kwarmi yana fitowa sosai zuwa shekara shida, ya ci gaba da gyaruwa har wajen goma. Masu bincike a Munsta ta Jamus sun bi yara masu lafiya tsawon shekara tara tun daga fara tafiyarsu, suka ga matsi yana hawa da shekaru, kason tsakiyar ƙafa kuma yana raguwa. A baligi, layin tsakiyar nauyi yakan taso daga diddige, ya bi ta tsakiya, ya ratsa wajen tushen yatsa na biyu, ya ƙare a babban yatsa. A tsofaffi an fi ganin raguwar matsi a diddige da babban yatsa, da daɗewar ƙafa a ƙasa, domin taku ya gajarta, tunkuɗawa kuma ta yi rauni. Inda yatsu suka tanƙware kuwa, kitsen da ke ƙasan tushensu yakan zame gaba, ƙashi ya rage da fata kawai, matsin wurin ya hau.

Idan awon na cikin takalmi ne

Shimfiɗa ta dace da girman takalmi, ta kwanta lumui ba tattarewa, domin inda ta naɗe takan nuna matsin ƙarya. Kowa ya sa safa siririya iri ɗaya. Mutum ya yi 'yan mintuna yana zagayawa don ƙwayoyi su ɗauki ɗumin ƙafa, sannan ya ɗaga kowace ƙafa a mayar da ita sifiri. A cire takun farawa, da na tsayawa, da na juyawa. Ga masu ciwon suga da ƙafarsu ba ta ji, a tara taku 12 na tsakiyar tafiya a kowace ƙafa. Ƙungiyar masana ƙafar masu ciwon suga ta duniya, wadda aka sani da IWGDF, tana neman takalmin wanda gyambonsa ya warke ya sauko da matsi a wuraren haɗari ƙasa da kPa 200, ko ya rage shi da aƙalla kashi 30 cikin 100. Wannan 200 ta cikin takalmi ce, kuma da na'ura mai inganci da aka saita. Ba a gwada ta da lambar faranti.

Wajen haɗa sakamako, a fara fitar da matsakaicin takun kowane mutum, sannan na rukuni. Ƙafar dama da ta hagu na mutum ɗaya ba mutum biyu ba ne, ko dai a zaɓi ɗaya da ƙuri'a, ko a yi lissafin da ya san cewa jiki ɗaya ke ɗauke da su. Rukunan yara su zama ƙunci, shekara ɗaya ko biyu, domin ƙafarsu tana saurin sauyawa. Kada kuma a zuba duk wanda ya haura 65 a kwando ɗaya, ɗan 66 da ɗan 88 ba tafiya ɗaya suke yi ba. A tambayi kowa irin takalmin da ya tashi da shi, tunda waɗanda suka girma ba takalmi ƙafarsu takan fi faɗi, nauyi kuma ya fi bazuwa a kanta. A rahoto a rubuta sunan na'ura, da yawan ƙwayoyinta a murabba'in santimita, da yawan ɗaukarta a sakan, da ranar saiti, da hanyar takun da aka bi, da adadin taku, da saurin kowane rukuni, da yadda aka raba sawu.